Nasiha ga Matasanmu na Greensboro a Kan Kwamitocin Gari

 

Mu iyayenku da muka baro Maradi da Damagaram da Yamai da Kano muka sauka a garin nan, abin da ke gabanmu bai wuce aiki da kuɗin haya da ɗan abin aikawa gida ba. Mun kwana a masana'anta, mun tuƙa tasi, mun yi dakon kaya a rumbunan ajiya. In aka ambaci hukuma sai mu ce ba ruwanmu, baƙo ba ya sa baki a maganar masu gida. Ku kuwa ba baƙi ba ne. A nan kuka yi firamare da sakandare, wasunku suna jami'ar A&T, wasu jami'ar UNCG, wasu kwalejin GTCC, Turanci kuma a bakinku yake tun kuna goye. Uzurin da ya rufa mana asiri ba zai rufa muku ba.

Ku fara sanin yadda ake tafi da garin. Majalisar birni mutum 9 ce: magajin gari, da wakilai 3 da duk gari ke zaɓa, da wakilai 5 na gundumomi. Su ke ɗaukar manajan birni, shi kuma ya lura da ma'aikata. A ƙidayar 2020 mutanen Greensboro sun kusa dubu 300. Mutum 9 ba za su iya duba kowane fili da kowane gidan haya da kowace hanyar bas ba, shi ya sa suke naɗa mazauna gari, mutane irina da irinku, a kwamitoci daban-daban. Yawanci ba albashi. Akwai malamin makaranta, akwai ɗan kasuwa, akwai tsohuwar da ta yi ritaya. Da wuya ka ga namu a ciki, kuma ba korarmu aka yi ba.

Kwamitocin nan iri biyu ne, kada ku cakuɗa su. Na farko masu ba da shawara: na wuraren shaƙatawa da wasanni, na ɗakunan karatu, na sufurin bas, na al'amuran mata, da na kare haƙƙin ɗan Adam wanda asalinsa ya koma 1963. A ƙarƙashin wannan na ƙarshen ne ake da kwamitin da ke magana da yawun waɗanda suka zo daga ƙasashen waje, kuma baƙin da kansu ke zaɓen shugabanninsa. Waɗannan ba sa yanke hukunci. Su faɗi ra'ayinsu, majalisa ta ɗauka ko ta bari. Na ji wani yaro yana cewa ɓata lokaci ne. Ban yarda ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In bas ba ta kaiwa masana'antar da uwarka ke tashi aiki da tsakar dare, wanda bai taɓa tsayuwa a tasha cikin sanyin Janairu ba ba zai tuna da ita ba, ko da mutumin kirki ne.

Amma kada in yaudare ku, shawara ita kaɗai takan gaza. Ranar 1 ga Fabrairu 1960 ɗalibai huɗu na A&T suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth da ke titin Elm, inda ba a sayar wa baƙar fata abinci a zaune. Magajin gari George Roach ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Edward Zane don sasantawa. Aka yi ta zama, masu kantuna suka ƙi, ɗalibai suka koma zaman dirshan, jama'a suka ƙaurace wa kantunan. Sai ranar 25 ga Yuli aka buɗe teburin ga kowa. Ana buƙatar na kan teburin shawara, ana buƙatar na waje.

Iri na biyu su ne masu haƙora. Kwamitin tsare-tsare da rabon filaye shi ke duba buƙatar mai son mayar da filin gidaje wurin kasuwanci, ko gina benen haya a inda ake da gidaje ɗaiɗai. Kafin a zauna, doka ta ce a kafa allo a bakin filin, a kuma aika wa masu mallakar gidajen maƙwabta wasiƙa. Ku lura, masu mallaka na ce. Ɗan haya allon nan kaɗai ne rabonsa, kuma mukan wuce shi a mota ba mu karanta ba. Mai gidan ma sau da yawa yakan haɗa wasiƙar da takardun talla ya zuba a shara. Bayan shekara biyu a ga gidan mai ya tashi a bayan katanga, a fara salati. Ku tambayi tsofaffin baƙaƙen fata labarin Warnersville, unguwar da aka kafa wa 'yantattun bayi bayan yaƙin basasar Amurka. A shekarun 1960 aka rushe mafi yawanta da sunan sabunta birni, kuma a kan tebur aka zana taswirar kafin motar rusau ta iso.

Akwai kwamitin da ke kula da tsofaffin unguwanni uku, College Hill da Fisher Park da Dunleath, inda ba ka sauya fuskar gidanka sai da izini. Wannan bai cika shafarmu ba. Wanda ya shafe mu ƙwarai shi ne mai duba ingancin gidajen zama, wanda ke iya umartar mai gida ya gyara ko a rushe. Ba mu manta da gobarar titin Summit ta watan Mayu 2018 ba, wadda ta ci yara biyar 'yan gida ɗaya, 'yan gudun hijira daga Kwango. Da masu bincike suka shiga rukunin gidajen bayan haka, sun tarar da saɓa ƙa'ida mai yawa. Mutanen da ke ciki sun daɗe da sanin halin da suke ciki. Harshe da tsoro kan rufe wa baƙo baki. Ku da kuke jin Hausa da Zabarmanci da Faransanci da Turanci, ku faɗa mini, wa ya fi ku cancantar zama a kwamitin nan?

Yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne. Akwai kwamitin sassauta ƙa'idar gini, wanda ake kira Board of Adjustment. Wannan kusan kotu ne. Mai magana sai ya yi rantsuwa, ana yanke hukunci bisa hujjar da aka gabatar a zauren, kuma dokar jihar Karolina ta Arewa ta ce sai kashi huɗu cikin biyar na membobi sun amince kafin a sassauta wa mutum. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu. Ba a yarda memba ya tattauna shari'ar da ke gabansa da kowa a ɓoye ba. Mu kuwa mun tashi da kamun ƙafa. Ranar da kika hau kujerar nan, 'yata, kawunki zai biyo ki bayan sallar Juma'a, ko ya same ki a wurin suna, ya ce garejin da yake son faɗaɗawa yana hannunki. Ki gaishe shi da ladabi, ki ce, "Kawu, ka yi haƙuri, dokar ta hana ni jin wannan magana a nan." In dangantakar ta kusa ce, ki sanar da kwamitin ki janye daga shari'ar. Zai yi fushi na mako guda. Ki nuna masa yadda ake cike takarda da inda zai sami mai ba shi shawara. Wannan taimakon halal ne. Amana aka ba ki ta gari duka, har da maƙwabcin kawu da ba ya jin Hausa.

Shiga ba wuya. Ka kasance mazaunin birnin, ka cike takardar nuna sha'awa ta ofishin akawun birni, 'yan majalisa su ke naɗawa. Wa'adi yawanci shekara 3 ne, kuma mai yawan fashin zama yakan rasa kujerarsa. Saboda haka in ka san aikin dare ba zai bar ka ba, kada ka karɓa don a ce ɗan wane ya zama wani abu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. 'Yan sakandare kuna da majalisar matasa ta gari, ku fara daga can.

Kafin duk wannan, ku je ku gani da idonku. Dokar jiha ta buɗe irin waɗannan zama ga jama'a, ba a tambayar kowa takardar gayyata. Ginin Melvin, wato ofishin hukumar birni, yana lamba 300 a titin West Washington. Ku duba jadawalin wannan watan, ku zaɓi zama ɗaya, ku ɗauki littafi da biro ku zauna a baya ku saurara har a tashi. Ku tafi da ƙannenku mata, kada ku bar su a gida.