Harafi Ɗaya Cikin 146: Darasi Kan Furotin da Ciwon Sikila

'Yan'uwa masu bibiyarmu, yau darasinmu ya ɗan fita daga nahawu da fiƙihu. Ni Larabci na karanta, ba likitanci ba. Amma tunda ana zaunar da mu a ce mu ɗaura aure, dole mu san me ake nufi da takardar gwajin jini da ake miƙo mana.

Mu fara daga tushe. Mafi yawan aikin da ke gudana a jikinka furotin ne ke yinsa. Shi ne ginin tsoka, shi ne sinadaran da ke narkar da tuwon da ka ci, shi ne ke ɗaukar iska a jini. Kowane furotin jeri ne na ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20 ne, ana jera su kamar yadda ake jera haruffa a fitar da kalma. Jerin kuma ba ya zama a miƙe, naɗewa yake yi, kuma siffar da ya ɗauka ita ce aikinsa. Ɗalibin sarfu ya san wannan: canza harafi ɗaya, ma'ana ta tafi wani gari.

To, a cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai furotin mai suna himogulobin, mai kai iskar oksijin daga huhu zuwa gaɓoɓi. Sarƙoƙi huɗu ne da shi. Biyu daga ciki, waɗanda ake kira beta, kowace tana da amino asid 146. A jikin mai sikila, na shida kaɗai ya canza: inda ya kamata a samu gulutamik asid, sai aka samu balin. Shi ke nan fa! Vernon Ingram ne ya gano wannan a Ingila a 1956.

Me ya sa abu kaɗan haka yake kwantar da yaro? Gulutamik asid yana jituwa da ruwa, balin kuwa gudun ruwa yake yi. Idan himogulobin ya sauke oksijin, sai balin ɗin nan ya manne da himogulobin na kusa, wancan ya manne da na gaba, har su zama dogayen sanduna. Ƙwayar da take da laushi sai ta ƙage, ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ciwon ƙashin yake zuwa, wanda iyayenmu ke cewa amosanin jini. Lafiyayyiyar ƙwaya tana yin kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Shi ya sa kullum jini ke ƙarewa, ido ya yi ɗorawa.

Wani zai ce ai ni lafiyata ƙalau. Gaskiya ne, mai AS yawanci ba ya jin komai, har ma yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, dalilin da ya sa abin ya yawaita a ƙasashenmu ke nan. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Ku lura, kowane ciki. Ba wai in na fari ya zo da shi sauran ukun sun tsira ba, kamar yadda na sha jin wasu waliyyai suna lissafawa.

Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Ra'ayina shi ne a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, don ranar ɗaurin aure, ga goro an raba, babu mai iya cewa a fasa.

Darasi na gaba insha Allah: yadda hanta ke ciyar da jikin mai azumi. Wallahu a'alam.