Aikin Gwada Tsofaffin Kwamfutoci Da Kwance Tarkacensu

A kowace shekara ana sauke tsofaffin kwamfutoci da talabijin da sauran kayan lantarki masu yawa a tashoshin jiragen ruwa na Ikko. Daga nan sai su wuce kasuwannin Alaba da Computer Village ta Ikeja, sa'an nan su bazu zuwa Kano da Anacha da sauran garuruwa. Wani bincike da aka yi a 2015 da 2016 ya nuna ana shigowa da kimanin tan 60,000 a shekara, kuma wajen kashi ɗaya bisa huɗu matattu ne tun daga can. Watau dai shara ce aka lulluɓe da sunan haja.

Nijeriya ta taɓa ɗanɗana irin wannan. A 1988 aka gano dubban durom na guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin Jihar Bendel ta wancan lokaci. A shekarar nan gwamnati ta kafa Doka ta 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai guba. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, a 2011 kuma ta fito da ƙa'idodin kayan lantarki. Ƙa'idar ita ce, tsohuwar na'ura mai aiki tana iya shigowa, matacciya kuwa a'a. To, wanda ke rarrabe tsakanin biyun nan shi ne mai gwaji.

Mai gwaji na ƙwarai ba ya wadatuwa da ganin kwamfuta ta kawo wuta. Da farko yakan duba jikinta, ko ta fashe, ko ruwa ya taɓa ta, ko batirinta ya kumbura. Batirin da ya kumbura ba a caja shi, ba a kuma huda shi, gama yana iya kama wuta nan take. Sa'an nan ya kunna ta, ya taɓa kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ya duba allon ko da ɗigo ko zane, ya saurari fankarta. Ya gwada ma'adanar bayanai, domin sau da yawa ita ce ke fara gajiya. Bayan haka ya bar ta tana aiki sa'o'i da dama, saboda wata na'urar lafiya lau take da sanyin safiya, sai ta ɗauki zafi aibinta zai fito. Abin da ya gani duka ya rubuta a takarda ya manna mata. Har wa yau wajibi ne ya goge bayanan mai ita na dā, hotuna da wasiƙu da lambobin banki, gama amana ce ta faɗo hannunsa. Wanda ya ɓoye aibi ya sayar, ɗalibi ko ƙaramin ɗan kasuwa ya cuta, wanda watakila ya yi shekara yana tara kuɗin.

Wadda ta faɗi gwaji ba a yar da ita. Akwai jan ƙarfe a wayoyinta, da ɗan zinariya da azurfa a allunan cikinta, wasu sassan kuma za su yi wa wata amfani. Amma fa a nan haɗarin yake. Gilashin tsohon allo mai ƙeya yana ɗauke da dalma, fitilun bayan tsofaffin alluna masu faɗi kuma suna da zaiba. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Jama'a ba su manta da 2010 ba, lokacin da ƙurar dalma daga haƙar zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara a Jihar Zamfara. Mafi muni shi ne al'adar ƙona waya don a fid da jan ƙarfe, gama hayaƙin robar nan guba ne ga huhu, tokar kuma ruwan sama kan kwashe ta zuwa rijiyoyi. A feɗe waya da wuƙa ko da inji, kada a sa mata wuta.

Mai kwance na'ura ya cire ta daga wuta tukuna, ya kuma sani tsohon allo yana riƙe lantarki mai ƙarfi ko bayan an kashe shi. Ya sa safar hannu da takunkumi, ya wanke hannu kafin cin abinci, kada ya koma gida da kayan aikinsa, kada kuma ya bar yara kusa. Batura da fasasshen gilashi a ware su dabam, a miƙa wa masu tattara tarkace waɗanda suka yi rajista da NESREA.