Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Zan Gane Yarana Sun Gaji da Atisaye?

Tambaya: Ina horar da wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matasa a Ƙauran Namoda, cikinsu har da yaran Zurmi da Shinkafi. Da gasa ta matso sai na mayar da atisaye safe da yamma, amma maimakon su ƙara kuzari sai ƙafafunsu suka yi nauyi, biyu ma sun samu targaɗe. Wasu na cewa lalaci ne. Na ga 'yan wasan Turai suna sa wata 'yar shara mai na'ura a gadon baya. Mu da ba mu da ita, da me za mu auna gajiya?
Daga wani koci, Ƙauran Namoda.

Amsa: Kafin komai, ka cire zancen lalaci daga ranka. Yaron da ya fito fili sau biyu a rana ba malalaci ba ne.

Atisaye ba shi ne ke ƙara wa mutum ƙarfi nan take ba. Rage shi ma yake yi. Sai an ci, an sha, an yi barci, sannan jiki ke gyara abin da ya gajiya, har ya ɗora kaɗan a kan na da. Tun a 1936 wani likita mai suna Hans Selye ya bayyana yadda jiki ke sabawa da wahala idan an ba shi sarari, da yadda yake durƙushewa idan wahalar ta ƙi yankewa. Kai da ka ninka atisaye a mako guda, sararin nan ka toshe.

'Yar sharar da ka gani tana ɗauke da na'urar GPS ce, mai ƙirga nisan da ɗan wasa ya yi da yawan gudun da ya tsinka. Tana da amfani, amma abin da aka yi a fili kaɗai ta sani. Abin da kake bukata ya fi wannan araha: littafin rubutu, biro da agogo.

Ga yadda ake yi. Bayan an tashi daga atisaye da kamar rabin awa, ka kira kowane yaro gefe, shi kaɗai, ka ce: "Daga ɗaya zuwa goma, yaya wahalar yau?" Shi kaɗai fa, domin a gaban abokai kowa jarumi ne, ba mai yarda ya ce ya ji jiki. Sai ka ninka lambar da ya faɗa da mintunan da aka yi. Minti 90 a kan 7 ya ba da 630. Minti 60 a kan 4 ya ba da 240. Wannan dabara ta wani masani ne Ba'amurke, Carl Foster, wanda ya gina ta a kan ma'aunin Gunnar Borg na ƙasar Suwidin, kuma manyan ƙungiyoyi masu na'urori ba su daina amfani da ita ba. A ƙarshen mako ka tara jimilla, ka gwada da matsakaicin makonni huɗun baya. Tim Gabbett na Ostireliya ya yi nuni a 2016 cewa idan nauyin mako ya haura ninki ɗaya da rabi na abin da aka saba, haɗarin rauni na ƙaruwa. Masana sun yi ta jayayya a kan wannan lamba, amma ba a jayayya cewa tsalle ɗaya daga ƙasa zuwa sama na iya karya 'yan wasa.

Yanzu ga inda littafinka zai fi na'urar Bature. Yaron Zurmi da ya yi sammako gona da damina, ya yi awa huɗu yana huɗa, idan ka tambaye shi ya ce 5, lissafinsa ya kai 1,200 tun bai ɗaura takalmi ba. Wato kusan atisaye mai zafi biyu. Haka mai tura baro a kasuwar Shinkafi, haka ɗan acaba, haka wanda ya kwana ido biyu saboda halin tsaron da yankin ke ciki. Duk wannan kaya ne a jiki ɗaya, ka rubuta shi. Ba banza ba magabata suka ajiye dambe da kokawa sai kaka, lokacin da fartanya ta huta kuma rumbu ya cika.

Da safe kuma kowa ya ƙirga bugun zuciyarsa kafin ya sauko daga shimfiɗa: yatsa biyu a wuyan hannu, minti ɗaya cur. Bayan mako biyu kowa zai san lambarsa. Wanda tasa ta hau sosai kwana biyu ko uku a jere, ga rashin barci, ga tuwo ya daina shiga, ga saurin fushi, to jiki magayi. Ka sassauta masa. Idan da zazzaɓi, asibiti zai je a gwada ko na cizon sauro ne, ba fili ba. Ciwon tsoka na kwana biyu zuwa uku bayan sabon atisaye ba abin tsoro ba ne. Wanda ya zarce haka, ko ya tsaya a gaɓa ɗaya, shi ne abin dubawa.

Zafin bazara ma nauyi ne. A watan Afirilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, atisayen da ya kasance 5 da hunturu zai iya komawa 8. Fitsarin da ya yi ja kamar shayi na iya nuna ruwa ya yi ƙaranci.

Abu ɗaya ba na sassauci a kansa: ƙwaya. Tramol ba ya cire gajiya, rufe mata baki yake yi, yaro ya ci gaba da taka ƙafar da ta riga ta samu rauni. Hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa tun farkon 2024.

Shawarata, Malam Koci, ka koma atisaye sau ɗaya a rana, ranar atisaye mai zafi a bi ta da mai sauƙi, a ware kwana guda na hutu cikakke, sannan makon ƙarshe kafin gasa a rage yawa. Yaran nan biyu masu targaɗe kada su dawo sai sun iya gudu da juyi ba ɗingishi. Idan littafin ya cika wata guda, ka sake rubuto mana mu duba lissafin tare.