Cacar Ƙuri'a ta Waya: Jan Kunne ga 'Yan'uwa a Khartum da Omdurman

Jama'a, tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, kuɗin hannu suka yi wuya a Sudan, ciniki ya koma cikin waya. Mai shayi da mai rakasha da ɗan tebur a Kasuwar Libiya ta Omdurman duk da Bankak suke karɓar kuɗi, wato manhajar Bankin Khartum. Wannan ya taimaki talaka ƙwarai. Amma ta wannan ƙofa ce kuma masu cacar ƙuri'a suke shigowa, don haka ya wajaba kowa ya san yadda abin yake, musamman masu komawa gida tun bayan da soja suka ƙwace Khartum a watan Maris na 2025.

Ga yadda ake yi. Wani zai buɗe shafi a Facebook ko TikTok, ko zaure a WhatsApp. Zai sa hoton mota, ko sabuwar waya, ko sarƙar zinariya, ko kujerar Umra, ya ce tikiti kuɗi kaɗan ne. Kai kuma ka tura ta Bankak, ka aika masa hoton shaidar biya, ya ba ka lamba. Ranar fitar da ƙuri'a sai ya bayyana kai tsaye da kwano cike da 'yan takardu a nannaɗe, ya yi bismilla, ya sa yaro ya zaro ɗaya. A yi ta tafi da guɗa. To, wa ya ƙirga takardun nan? Wa ya ga lambarka ta shiga kwanon? Wanda aka ce ya ci, ka san ko ƙanen mai shafin ne? Motar ma, ka taɓa ganin takardunta?

Mu ɗauka ma ba a yi maguɗi ba, mu yi lissafi. A ce, misali, mutum 5,000 sun sayi tikiti a kan fam 10,000 kowanne. An tara fam miliyan 50 ke nan. Idan kyautar ta ci miliyan 20, ragowar 30 na mai shafi ne, mutum 4,999 kuma sun tashi a tutar babu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Me doka ta ce?

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Wasu masu shafin sukan liƙa wata takarda mai hatimi su ce suna da lasisi. Ku sani, Dokar Laifuffuka ta Sudan ta 1991, sashe na 80, ta haramta caca, ta kuma ambaci zaren ƙuri'ar tikiti da duk wani wasan sa'a a cikin abin da take nufi da caca. Hukuncin ya kai ɗaurin shekara guda, ko biyan tara. Abin da doka ta kira laifi kuwa babu ofishin da zai ba da lasisin yin sa. Rajistar kamfani ko ta sunan kasuwanci daban ce, ba ta halatta wa kowa sayar da tikitin caca. Ku lura kuma, sashen nan bai tsaya kan mai shirya caca ba, ya haɗa da mai yin ta. Macuta sun san wannan sarai. Sun san wanda suka damfara zai ji nauyin zuwa wurin 'yan sanda.

A ƙasashen da ake ba da lasisi, ba takarda kawai ake miƙa wa mutum ba. A Ingila, ƙarƙashin dokar 2005, Hukumar Caca tana binciken mai nema, tana hana shi karɓar kuɗin yara, tana iya ƙwace lasisinsa, kuma sunansa yana cikin rajistar da kowa zai iya dubawa. Nijeriya ta kafa hukumarta a 2005, amma a watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta ce wannan hurumin jihohi ne, ikon gwamnatin tarayya ya tsaya a Abuja. A Kano kuwa Hisba rufe shagunan caca take yi. Ko wanda yake da lasisin gaske daga Ingila, ba shi da izinin karɓar kuɗin mutumin Omdurman da shi, kuma in ya cuce ka ba ka da inda za ka kama shi.

Ta fuskar addini kuwa, malamai sun bambanta abu biyu. Idan mai kanti ya ba da kyauta ta hanyar ƙuri'a ga masu sayen kayansa, bai ƙara kuɗin kaya ba, kai ma don bukata ka saya, da yawansu sun sauƙaƙa. Amma ka biya don kawai lambarka ta shiga, ko ka ci ko ka yi asara, wannan ita ce cacar da aka hana a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Sa mata sunan taimakon marayu ko na takaya, wato ɗakunan girkin unguwa da suka ciyar da jama'a a lokacin yaƙi, bai canja ta ba. A ganina ma wannan ya fi muni, domin yana ɓata sunan masu aikin alheri na gaskiya. Mai son taimakon takaya ya kai gudummawarsa hannun waɗanda ya sani a unguwarsu. Mai son tara kuɗin waya ko na jari, ga adashi nan, wanda kowa yake kwasa in layinsa ya zo.

Wanda aka riga aka cuta kada ya goge komai. Ya adana shaidar biya da lambar asusun da saƙonnin, ya sanar da banki nan take, ya nemi shawarar lauya, sannan ya kai ƙara ofishin masu gabatar da ƙara na laifuffukan intanet, domin zamba laifi ce mai zaman kanta a sashe na 178 na Dokar Laifuffuka ta 1991. Kada kuma ka ba kowa lambar sirrinka ko lambobin da banki ya turo maka, ko da ya ce kai ne ka ci mota.

Iyaye, ku duba wayoyin 'ya'yanku. Limamai da masu unguwa, ku faɗa wa jama'a a masallaci da wuraren taro. Kai kuma da ka karanta wannan takarda, ka karanta wa wanda bai iya karatu ba.