Ƙofar mota ba ta tare harsashi

Masu sha'awar makamai sun daɗe suna gardama kan harsashin ƙaramar bindiga: tsakanin 9mm da .40 da .45, wane ne ya fi huda shinge? Amsar ta fi amfanar wanda harbi ya rutsa da shi a hanya fiye da mai riƙe da bindigar.

A ranar 11 ga Afrilu 1986, jami'an hukumar binciken laifuka ta FBI suka yi musayar wuta da 'yan fashi biyu a Miami ta Amurka. Jami'ai biyu suka mutu, biyar suka jikkata. Harsashin 9mm ya shiga jikin ɗaya daga cikin 'yan fashin, ya tsaya dab da zuciyarsa, shi kuwa ya ci gaba da harbi. Wannan ne ya sa hukumar ta fito da gwaji: a harba harsashi ta cikin tufafi masu kauri, da fallen ƙarfe, da allon bangon ɗaki, da katako, da gilashin mota, sannan a auna zurfin da ya shiga cikin wani daskararren ruwa mai kwaikwayon tsokar mutum. Ana so ya kai inci 12 zuwa 18. Hukumar ta koma 10mm, sannan .40, amma a 2014 ta yanke shawarar komawa 9mm, domin ƙirar harsashi ta inganta har bambancin ya zama kaɗan.

Abin da ya kamata ya tayar wa mai karatu hankali shi ne, duka ukun, 9mm da .40 da .45, suna ratsa waɗannan shingaye da sauran ƙarfinsu. Har harsashi mai rami a baki, wanda aka ƙera don ya baje ya tsaya, idan ƙyalle ko garin bango ya toshe ramin, wucewa yake yi.

Saboda haka, idan harbi ya ɓarke, kada a dogara da ƙofar mota, ko kwanon rufi, ko ƙyauren katako. Ɓoye mutum suke yi daga ido kawai. A kusa da mota, a durƙusa ta wajen injin, bayan tayar gaba. Katangar ƙasa mai kauri, da kankare, da buhunan yashi sun fi aminci. Bulo mai rami yana iya tare harbin farko, amma yana farfashewa idan aka maimaita. A cikin gida a kwanta ƙasa, nesa da taga da ƙofa, a tara yara a ɗakin da ya fi nisa da titi.