Ɗan Sakandare da Sana'ar Hannu: Jan Hankali ga Iyayen Arewacin Kano

Jama'a, duk wanda ya bi hanyar Bichi ko ta Dambatta daga Kano ya san ba a ganin daji. Gona na bin gona, ba wadda ake bari ta huta, sai dai a kai mata taki a jaki ko a amalanke. Tun shekarun 1960 masana irin su Michael Mortimore suke rubutu a kan cunkoson manoman wannan yanki. Mutane sun ƙaru, ƙasa kuwa tana nan yadda take. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba wa 'ya'ya, ga jikoki suna jiran nasu kason.

Magabatanmu ba su taɓa dogara da noma kaɗai ba. Da an kai amfani rumbu, wani ya koma saƙa, wani jima ko ƙira, wani ya tafi cin rani. To yaron da ya shekara shida a sakandare, wace sana'a ya fito da ita?

A takarda an yi tanadi. Tsarin karatu na 6-3-3-4 na shekarun 1980 ya shigo da darasin fasaha, har aka yi odar injuna daga ƙasashen waje. Da yawansu a cikin akwati suka yi tsatsa, don babu lantarki, babu mai koyarwa. A 2011 an sake kawo manhaja mai ɗauke da sana'o'i 34, aka ce kowane ɗalibin babbar sakandare ya zaɓi ɗaya. Amma sana'ar da aka koyar da alli a jikin allo, sunanta labari. Yaro ya haddace sunan sukudireba, ya ci jarrabawa, bai taɓa kwance noti ba.

Kada a ce ɗan ƙauye ne ba ya ɗauka. Makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda aka kafa a 1977 tare da ta Dawakin Kudu, ta yaye likitoci da injiniyoyi daga gidajen manoma, saboda an ba ta malamai da kayan aiki. Irin wannan niyya ce koyon sana'a bai samu ba.

Kuma aikin yana kusa da gida. Kasuwar Dawanau, da ake lodin wake da riɗi da zoɓo zuwa ƙasashen duniya, tana buƙatar matashin da ya iya sikeli, ya iya rubuta rasit, ya san hatsin da ya bushe da wanda ke da sauran danshi, ya iya tura kuɗi ta waya ba kuskure. Masu noman rani a madatsar Watari ta Bagwai da madatsar Tomas kullum suna neman mai gyaran injin ban-ruwa, yanzu har da mai haɗa sola. Injin ya tsaya kwana uku ana jiran makaniki daga birni, tumatir ya ƙone. Ga kwalejin ilimi ta fasaha a Bichi, ga kwalejin aikin gona ta Audu Bako a Dambatta. Me zai hana a riƙa kai 'yan sakandare can su ga aiki da idonsu?

Akwai kuma abin da ya fi guduma da sukudireba. A koya wa yaro raba riba da uwar kuɗi, da rubuta bashi, da yadda ba a ba kowa lambar sirri ta banki komai daɗin bakinsa. A koya masa cika alkawari: tela nawa ne suka rasa masu kawo ɗinki saboda kayan salla? 'Yan mata ma haka. Mace mai ɗinki ko kiwo tana cikin gida za ta iya tallata hajarta ta waya, in ta iya lissafinta ba sai ta aiki yaro ya duba mata ba.

Ya ku iyaye, in an kira taron iyaye da malamai, ku je. Ku tambayi shugaban makaranta wace sana'a ake koyarwa, ku ce a nuna muku ɗakin kayan aikin. In babu, a garinku akwai kafinta da mai walda da mai gyaran waya. Dagaci da kwamitin makaranta za su iya shirya yaro ya riƙa zuwa wurinsu da yamma ko ranar Asabar, a rubuta sunansa, malami ya riƙa leƙawa yana duba abin da ya koya.