Zaɓen Mazaunin Madubin Hangen Nesa Don Ɗaukar Hoton Taurari

Sau da yawa mai sha'awar ɗaukar hoton samaniya yakan zuba kuɗinsa a kan madubin hangen nesa, ya yi sakaci da abin da madubin zai zauna a kansa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa a wannan fage mazaunin ya fi madubin muhimmanci.

Tushen maganar shi ne juyawar duniya. Duniya tana kammala juyi ɗaya, dangane da taurari, cikin awa 23 da minti 56, wato samaniya tana gusawa yamma kimanin digiri 15 a kowace awa. Ido bai damu da wannan ba. Ita kuwa kyamara dole ne a bar idonta buɗe tsawon mintoci kafin ta tara hasken abin da ya dusashe, don haka sai kowane tauraro ya fito kamar zare. Ko da gilashi mai milimita 50 ne, da zarar an zarce kimanin daƙiƙa 10 jan ya fara bayyana.

Mazauni mafi sauƙi shi ne mai motsi sama da ƙasa, dama da hagu, irin wanda John Dobson ya yayata a Amurka tun shekarun 1960. Yana da araha, kuma ya wadatar ga kallo da ɗaukar wata ko Zara, waɗanda haskensu ke da ƙarfi. Illarsa ita ce, ko an sa masa inji yana bin tauraro, hoton yakan riƙa murɗawa a hankali, taurarin gefe su zana baka.

Maganin wannan shi ne mazauni mai bin juyawar duniya. A nan ana karkata sanda ɗaya ta fuskanci cibiyar da samaniya ke kewayawa, kusa da tauraron arewa, sai inji guda ya juya ta daidai da saurin taurari. Joseph Fraunhofer, Bajamushe, ya ƙera fitaccen samfurinsa a 1824 domin ɗakin nazarin taurari na Dorpat, inda agogo ke tafiyar da shi. Shi ya sa har yau ake kiran wannan fasali na Jamus.

To, a nan ne mazaunin ƙasar Hausa ya kamata ya lura. Tsayin tauraron arewa daga gindin samaniya daidai yake da nisan gari daga layin ikwaita: a Landan ya haura digiri 51, a Kano kimanin 12, a Agadas kimanin 17. Masu ƙera waɗannan kayayyaki galibi mazauna arewacin duniya suke tunawa da su. Idan aka kwantar da sandar zuwa digiri 12, a wasu samfura ƙarfen daidaita nauyi yakan bugi ƙafar mazaunin, wasu kuma ba sa sauka har can. Lallai ne mai saye ya bincika iyakar karkatar kafin ya biya, ko ya tanadi ginshiƙin ƙara tsayi. Bugu da ƙari, hazon hunturu yakan lulluɓe tauraron arewa, saboda yana ƙasa-ƙasa, a daidai lokacin da girgije ya yi ƙaranci. Sai a koyi saitawa ta lura da gocewar wani tauraro, hanya mai cin lokaci amma tabbatacciya.

Game da nauyi kuwa, kada a yarda da adadin da kamfani ya rubuta ɗungurungum. Gogaggu sukan tsaya a rabi zuwa kashi biyu cikin uku, bayan an haɗa madubi da kyamara da sauran tarkace. Haƙoran injin ma ba sa rasa 'yar tangarɗa mai maimaituwa, wadda a yau ake gyarawa da ƙaramar kyamara ta biyu mai tsare tauraro guda tana aika wa injin umarni.

Ɗalibin da aljihunsa bai kai ba yana iya farawa da dabarar da George Haig ya bayyana a mujallar Sky & Telescope a 1975: katako biyu da aka haɗa da hinji, hinjin ya fuskanci tauraron arewa, da kusa mai zare da ake murɗawa da hannu sau ɗaya a minti. Kafinta na iya haɗa shi a yini guda, kuma da kyamara mai gajeren gilashi ya isa a ɗauki Kaza da 'Ya'yanta.